Ranar da Mario ya kunyata ni a gaban ɗan yayana

A hutun da ya wuce, kafin ruwan farko ya sauka, Umma ta sa aka fito da kayan sito gaba ɗaya don a share, a yi feshin maganin gara. Tsofaffin kwanuka ne, da buhun littattafanmu na firamare, da fitilar ƙwai wadda ƙwanta ya daɗe da fashewa. A ƙasan wata jakar Gana-mas-go na hango wata baƙar waya ta leƙo. Ina janyo ta sai ga hannun gem ya biyo baya, an naɗe wuyansa da baƙin salatif. Ba sai an faɗa mini wanda ya yi wannan naɗin ba. Yaya ne, Allah Ya jiƙansa.

Komai yana nan cikin jakar: gem ɗin kansa, hannu biyu, bindigar roba, da kaset uku masu ruwan ɗorawa. Ku da kuka buɗi ido da waya a hannu, ba mamaki ba ku taɓa ganin irinsa ba. Mu Famili gem muke ce masa. Asalinsa na'ura ce da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983 da sunan Famicom, sannan a 1985 aka kai ta Amurka da sunan NES. Namu ba na ainihi ba ne, kwaikwayo ne irin wanda ya cika kasuwanninmu a lokacin. A jikin ɗaya daga cikin kaset ɗin an rubuta cewa akwai wasa 9999 a ciki. Sai da muka girma muka yarda cewa 'yan wasanni ne da ba su taka kara sun karya ba, aka yi ta maimaita su da sunaye daban-daban: Super Mario Bros., da Duck Hunt na harbin agwagi, da Battle City na tankokin yaƙi, da Contra.

Da kuɗin da ya tara a shagon ɗinki lokacin dogon hutu Yaya ya saye shi, don haka shi ke da doka. Hannu na ɗaya nasa ne, shi ne Mario. Ni ne Luigi, kuma a wannan wasan mai hannu na biyu ba ya taɓa komai sai na ɗaya ya mutu. Yaya kuwa ba ya mutuwa da wuri. Sai in yi rabin awa a zaune da hannun gem a cinya ina kallo. Da kallon nan na koyi duk abin da na iya.

Yaya ya rasu ɗansa yana da shekara biyu. Yanzu yaron yana aji uku na ƙaramar sakandare, a gidanmu yake yin hutu, kuma duk abin da ya sani game da mahaifinsa a bakinmu ya ji. Cikin labaran da na fi ba shi har da na gem: yadda Abbansa yake cinye Mario tun daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, yadda ba ya kuskuren agwagwa, da yadda ni ma na gaje shi. Shi kuma ya saurara, ya gyaɗa kai, ya koma kan ƙwallon da yake bugawa a waya. Ranar da jakar nan ta fito na ce a raina, yau gani zai kori ji.

Tun daga wuta aka fara samun cikas. Adaftar gem ɗin ta mutu. Yaron ya ruga ya ciro ta dikoda, ya ce, "Baffa, ga wannan, bakinsu ɗaya." Bakinsu ɗaya ne kuwa, ta shiga daram. Allah Ya taimaka na kifa gem ɗin na duba cikinsa kafin in kunna soket. An rubuta 9V, kuma ɗan zanen da ke gefe ya nuna alamar ragi ce a tsakiyar baki. Ta dikoda 12V ce, kuma alamar tarawa ce a tsakiyarta. Wato ƙarfin ya yi yawa, wutar kuma a juye take. Da na kunna, wataƙila da ƙauri kawai za mu ji, labarin ya ƙare a nan. Duk wanda ya tsinci tsohuwar na'ura a gida, ya karanta wannan ɗan rubutun tukuna. Idan kuma kayan daga Japan ko Amurka suka zo, a tuna cewa wutar gidan Japan 100V ce, ta Amurka 120V, tamu kuwa 230V.

Na samo adaftar da ta dace. Sai kuma talabijin. Wadda ke falonmu filasma ce mai inci 43 (duk mai faɗin nan filasma muke ce mata, ko da yake yawancinsu LCD ne). Na zagaya bayanta da wayar nan mai kai ruwan ɗorawa da fari, ina neman ramin da zan soka. Babu. Daga HDMI sai USB sai ramin eriya. Wasu sababbin talabijin suna da ɗan ramin AV mai kama da na iyafis, wasu kuma sun haɗa ramin ruwan ɗorawa da kore wuri ɗaya, amma tamu ko ɗaya ba ta da shi. Na tafi kasuwa na sayo 'yar akwatin da ke haɗa AV da HDMI, na dawo na jona, shiru. Ashe iri biyu ce, kamar tagwaye: ɗaya tana karɓar HDMI ta fitar da AV, ɗayar tana karɓar AV ta fitar da HDMI. Ta farkon aka ba ni, alhali ta biyun nake bukata. Sai da na sake biyan kuɗin Adaidaita, muka yi 'yar jayayya da mai shagon, sannan ya canza mini.

Bayan la'asar hoto ya fito. Gabana ya faɗi da na ji kiɗan nan, amma hoton bai yi mini daɗi ba. Mario ya yi ƙiba, ya baje kamar an zauna a kansa, gefen kowane abu ya yi dishi-dishi, launin ya kwaɓe. Na ce ba komai, wasa ake nema. Na ɗauki hannu na ɗaya, karo na farko a rayuwata ba tare da fargabar Yaya zai shigo ba. Na ruga da gudu, ga rami na farko, na danna tsalle, Mario ya zunduma ciki. Na sake, na ci karo da kunkuru. Na sake, na koma ramin nan dai. Rai uku suka ƙare ban gama matakin farko ba, matakin da a da nake wucewa ina hira.

Yaron ya riƙe dariyarsa iya ƙoƙarinsa. Ya ce, "Baffa, ko a gwada bindigar?" Muka sa Duck Hunt. Harsashi uku ake ba mutum. Na saita, na harba, agwagwa ta yi tafiyarta. Na matso har bakin bindigar ya kusa taɓa gilashi, na harba, ko gezau. Karen nan na cikin wasan ya ɗago daga ciyawa yana yi mini dariya, yaron ma ya fashe da tasa, har Umma ta leƙo tana cewa, "Maigida, me Baffan naka ya yi?" Da ya nutsu sai ya tambaye ni, ba da raini ba, da gaske yake: "Baffa, shi ma Abba haka yake yi?"

Wannan tambayar ce ta hana ni barci. Ba kunyar faɗuwa a gem ta dame ni ba. Idan labarin gem ƙari ne, to me zai sa ya yarda da sauran labaran da nake ba shi a kan mahaifinsa? Ni kaina na fara zargin ko yarinta ce ta sa nake ganin mun iya, ko kuma hannuna ne ya tsufa.

Washegari na ɗauki gem ɗin na kai wa wani dattijo mai gyaran talabijin a bakin titinmu, a zatona bindigar ce ta lalace. Shagonsa cike yake da tsofaffin talabijin masu ƙatuwar ƙeya, an jibge su har rufi, ƙura ta rufe su. Na gaishe shi, na ce, "Baba, bindigar nan nake so a duba mini." Bai ko kwance ta ba. Ya tambaye ni a wace talabijin na gwada, na faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, bindigarka lafiyarta ƙalau." Ya janyo wata 'yar ƙarama mai inci 14, ya goge fuskarta da tsumma, ya soka wayoyin kai tsaye. Na harba sau ɗaya, agwagwa ta faɗo. Na sa Mario, na tsallake ramin nan kamar jiya na bar shi. Na wuce mataki uku a tsaye a shagon mutane, har almajiran da ke wucewa suka tsaya kallo. Baba ya ce, "Wannan ba ta tunani. Abin da aka ba ta shi take nunawa nan take. Taka ta gida kuwa sai ta tsaya ta yi shawara. Da tsohuwar zuma ake magani."

Maganarsa ta tsaya mini, na je na bi diddiginta, kuma na tarar fiziks ne tsagwaronsa, irin wanda kuke yi a aji. A cikin ƙeyar tsohuwar talabijin akwai bututun gilashi da aka zuƙe wa iska. Daga can baya ana harbo siririn tsinken lantarki zuwa fuskar gilashin, wadda aka shafe da sinadarin da ke haske idan lantarki ya taɓa shi. Tsinken yana gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, fiye da layi 15,000 a sakan ɗaya. Ba ta ajiye hoto a ko'ina. A daidai lokacin da gem yake aiko da layi, a lokacin ake zana shi a gaban idonka.

Sabuwar talabijin ba haka take ba. Fuskarta ɗige-ɗige ne ƙayyadaddu da ake kira fiksel. Mai 1080p tana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600. Hoton Famili gem kuwa 256 ne a kwance da 240 a tsaye, ɗigo 61,440 kacal. Ku raba ku gani: kusan ninki 34 ne. Idan talabijin ɗin 4K ce, ninki 135 ne cif. Dole ta karɓi ɗan hoton nan ta ajiye a ƙwaƙwalwarta, ta yi lissafin yadda za ta buɗa shi ya cika fuskarta, ta ƙirƙiro ɗigon da babu, sannan ta nuna. Daga nan dishi-dishin yake zuwa. Ƙibar Mario kuma saboda an zana shi ne don fuska mai awon 4:3, aka ja shi ya cika mai 16:9.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan. Tashoshin talabijin na da suna aiko da hoto ne rabi-rabi: layuka na 1, 3, 5 a zuwan farko, na 2, 4, 6 a zuwa na biyu. Tsofaffin gem sun yi wata dabara, suna aiko da cikakken ƙaramin hoto a kan layuka iri ɗaya kowane zuwa. Yawancin sababbin talabijin, da 'yan akwatunan nan masu araha irin wadda na saya, ba su gane dabarar ba. Sai su ɗauka rabin hoto ne, su tsaya jiran ɗaya rabin don su haɗa. Gem irin namu yana fitar da hoto 50 a sakan, kowane hoto yana cin kashi 20 cikin 1,000 na sakan. Idan akwati da talabijin suka riƙe hoto huɗu ko biyar a tsakaninsu, an doshi kashi ɗaya cikin goma na sakan ke nan. A kallon fim ba wanda zai lura. A Mario kuwa, lokacin da idona ya ga ƙafarsa a bakin rami, a cikin na'urar ya riga ya taka iska. Ina danna tsalle ne ga mutumin da ya riga ya faɗa.

Bindigar ta fi ba ni mamaki. Ashe ba ta harba komai, kallo take yi. A cikin bakinta akwai ɗan ido mai jin haske. Da ka ja kunama, gem zai baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na tsawon hoto ɗaya, sannan a hoto na gaba ya sa farin murabba'i a inda agwagwa take. Idan idon bindigar ya ga duhu sannan ya ga haske a daidai wannan ƙiftawar, ka samu. Shi ya sa fuskar take walƙiya duk lokacin da aka harba, abin da muka yi shekaru muna gani ba mu taɓa tambayar dalili ba. A sabuwar talabijin farin murabba'in yana isowa a makare, bayan gem ya gama dubawa ya rufe littafinsa. Ko ka manna bindigar a gilashi ba za ka samu ba.

Har munin hoton ma akwai abin da ban sani ba. Masu zana waɗannan wasanni a kan talabijin mai ƙeya suke aiki, sun san tana narkar da ɗigo cikin ɗigo, sai suka yi amfani da hakan. Wanda ya taɓa buga Sonic na 1991 a Sega Mega Drive zai tuna ruwan da ke kwararowa a matakin farko, wanda ake hango abin da ke bayansa. Sirara-siraran layuka ne a tsaye, ɗaya da launi ɗaya babu. Tsohuwar waya da tsohuwar talabijin su ke haɗe su su zama ruwa. A hoto mai kaifi sosai sai ka ga zane kamar na katifa.

Ba wai sabuwar talabijin ba ta da magani sam ba. Da na koma gida na shiga saitinta da rimot na kunna abin da aka rubuta wa Game Mode, wanda ke hana ta yawancin kwalliyar da take tsayawa yi wa hoto. Na mayar da awon fuska 4:3, Mario ya rame ya dawo yadda na san shi, da baƙin fili hagu da dama. Na kashe duk wani saitin gyaran motsi da rage hayaniyar hoto. Wasan ya yi sauƙi sosai, ana iya bugawa, sai dai bindiga har yanzu ko oho. Akwai akwatuna na musamman da aka ƙera don wannan aikin, irin su RetroTINK da OSSC, waɗanda suka gane dabarar tsofaffin gem, suke ninka layi nan take ba jira. Kuɗinsu ya ninka na gem ɗin kansa sau da yawa, ba kayan ɗalibi ba ne. Su ma kamfanonin sun fitar da ƙananan na'urori masu HDMI: Nintendo ta fitar da NES Classic a 2016 da wasa 30 a ciki, Sega ta fitar da Mega Drive Mini a 2019 da wasa 42. Wanda kuma ya jona gem ya ga hoto baƙi da fari, kada ya yi saurin cewa ya lalace. Sau da yawa na'urar ta tsarin NTSC ce na Amurka da Japan, talabijin ɗin kuma tana jiran PAL irin namu, sai a duba saitin launi.

Yaron ya kawo tasa shawarar: ai duk wasannin nan ana iya sa su a waya, me ya kai mu wannan wahalar? Gaskiyarsa ne, ana iya wa. Amma ni ba Mario nake nema ya gani ba, hannun nan mai salatif nake so ya riƙe.

Don haka na koma wurin Baba na sayi 'yar talabijin ɗin nan mai inci 14, a kuɗin da bai kai na takalmin makaranta ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da daina ƙera irinta, Sony ma tun 2008 ta rufe nata layin, don haka waɗanda suka rage su ne ke nan. Kafin in tafi Baba ya ja mini kunne, ni ma ga shi ina ja muku: kada wanda ya kuskura ya kwance bayan irin wannan talabijin. Wutar da ke cikin bututun mai launi tana haura 20,000V, kuma tana iya zama a ciki ko bayan an zare soket. Ya kuma hana ni hura kaset da baki, al'adar da muka tashi da ita. Ya ce danshin numfashi tsatsa yake jawowa, a goge haƙoran kaset ɗin da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe.

Umma na ganina da ita a ka ta ce, "Mu muna fitar da bola, kai kana shigo da ita." Na ajiye ta a ɗakin zaure a kan tebur. Kafin mu fara wasa muka yi wani gwaji da za ku iya yi da kanku: muka jingina waya, muka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya yadda yatsa da fuskar talabijin za su fito tare, sau ɗaya a filasma, sau ɗaya a mai ƙeya. A ta farko yatsa ya gama dannawa Mario yana ƙasa tukuna. A ta biyun kusan tare suke tashi. Yaron ya maimaita kallon bidiyon ya fi sau biyar, sannan ya ɗauki bindiga. Harbinsa na biyu agwagwa ta faɗo, kare ya ɗago riƙe da ita, ya yi ihun da sai da Umma ta sake leƙowa.

A daren nan na nuna masa abubuwan da na koya ina zaune da hannu na biyu a cinya. Akwai bulo ɓoyayye a matakin farko, bayan bututu na huɗu kafin rami, wanda ba a ganinsa sai an yi tsalle an buge shi da ka, ya fito da naman kaza mai ƙara rai. A mataki na biyu, na ƙarƙashin ƙasa, idan ka hau saman rufin ka yi ta gudu ka wuce bututun fita, za ka tarar da bututu uku masu kai mutum duniya ta 2 ko ta 3 ko ta 4. Ya ce, "Wa ya nuna maka?" Na ce Abbanka. Wa ya nuna masa shi, ban taɓa tambaya ba.

Na miƙa masa hannu na ɗaya, na koma Luigi. Maɓallin A na hannun ya lotsa, ya yi santsi saboda dannawa, babban yatsansa ya zauna a wurin daidai. Ya mutu sau da yawa, ya yi ta sakewa. Wajen ƙarfe tara da rabi ya samu hawa rufin nan, ya shiga bututun duniya ta 4, yana tsaka da guje wa abin da ke jefo ƙaya daga gajimare aka ɗauke wuta.

Muka zauna cikin duhu, fuskar talabijin tana ɗan haske-haske kafin ta mutu. Ya ce, "Baffa, ya yi sabin?" Na ce wannan gem ɗin ba ya ajiye komai, in an kawo wuta daga matakin farko za a fara. Ya yi shiru, sannan ya ce to shi ba zai kwanta ba, zai jira. Na ji yana laluben salatif ɗin da ya fara ɓamɓarewa a wuyan wayar, yana mayar da shi da yatsa.